Sunan Auta a Layi na Goma Sha Bakwai

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Kwamitin Ƙarin Girma na Malamai,
Ta hannun Shugaban Sashen Gwajin Jini.

Daga:
Ƙaramar malama a Sashen Gwajin Jini.

14 ga Mayu, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SOKE BINCIKENA KAN YARA MASU CUTAR SIKILA, SABODA MUJALLAR DA TA BUGA SHI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kan hukuncin kwamiti na ranar 2 ga Mayu, wanda ya ce mujallar da ta buga bincikena ta bogi ce. Ban zo musu ba, gaskiya ce. Ga dai yadda abin ya faru.

1. Tallar mujallar nan a allon sanarwa na sashenmu na gan ta, ranar 9 ga Janairu, 2023, ɗauke da hatimin ofis. A wurinmu, duk abin da hatimi ya hau ba a tambayar asalinsa. Na nemi shawarar wani babban malami, ya ce shi ma can yake kai nasa, in daina jan ƙafa.

2. Na aika ranar Litinin, kafin sati ya fita sun ce masana sun duba, babu gyara ko na waƙafi. Na yi murna har na kira mahaifiyata na shaida mata. Ashe ba duk abin da ke ƙyalli ne zinariya ba.

3. Ƙa'idar aikinmu ita ce a ɓoye sunan kowane yaro, a sa lamba a madadinsa. Cikin yaran akwai 'yata, wadda muke kira Auta. Ta rasu ana tsakiyar aikin. Da na zo layinta a jadawali, hannuna ya kasa mayar da ita lamba, na bar sunan da nufin in gyara daga baya, sai na manta. Haka suka buga shi, a layi na goma sha bakwai. Da mutum ɗaya ya karanta, da ya gani. Laifin barin sunan nawa ne, amma ranar da na gan shi a shafinsu na san babu wanda ya ko buɗe takardar.

4. Tun ranar 3 ga Afrilu nake rubuta musu su janye aikin, ko uffan ba su ce ba. Mujallu biyu na gaskiya da na tuntuɓa sun ce ba sa karɓar abin da aka riga aka buga. Ga shi iyayen da suka riƙe mini hannun 'ya'yansu ana ɗibar jini suna tare ni a bakin asibiti, suna tambaya ko likitoci sun ga sakamakon.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya cire tallar daga allo, domin har yau tana nan, kuma ɗalibai na wucewa ta gabanta. Ina kuma roƙon jami'a ta rubuta wa mujallar da kanta, ko sa ji nauyinta su janye aikin, in samu kai shi inda ake tantancewa.

Ƙarin girman na yafe, ranka ya daɗe. Idan ma sauran buƙatun ba za su yiwu ba, ina roƙon a sa masani ɗaya ya zauna ya karanta aikin nan daga farko har ƙarshe, ko da kuskure ne zai nuna mini. Yarinyar ba ta taɓa kuka ba in ana ɗibar jininta, domin na gaya mata zai taimaki wasu yara.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Taku cikin ladabi,
(sa hannu)
Ƙaramar malama, Sashen Gwajin Jini,
Mahaifiyar Auta.