Muryar Yayana a Cikin Akwatin da Ke Gumi

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya kafa mana na'urar gargaɗi,
Ofishinku na Kaura Namoda.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya ruwa, ya haƙuri da wannan zamani?

Sunana Garba, ana ce mini Garba Mai Rediyo. Manomi ne ni a wani ƙauye da ke bayan Dauran, ranar kasuwa kuma nakan shimfiɗa tabarma a Shinkafi ina gyaran rediyo da fitila da waya. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku ana ce mini yanzun nan ka fita. Ban ƙaryata kowa ba, amma tunda ba a samunka a ɗaki, bari in yi maka magana a bainar jama'a.

Na ɗaya. Da ranin da ya wuce kuka kafa mana dogon turken ƙarfe a bakin gari, da lasifika huɗu, da eriya, da akwatin ƙarfe a ƙarƙashinsu. Mai gadinmu, Bawa, yana zama a kan dutse da ɗan madanni a hannu. In ya hango ɓarayin daji sai ya danna, eriya ta kama saƙon, lasifika ta kira mutane daga gona. Injiniyanku ya ce a sa muryar da kowa ya sani, aka kira yayana Mani, wanda shi ne mai shelar garinmu tun ina ƙarami. Ni na riƙe wayar da aka ɗauki muryar. Ya ce: "Jama'a, ku bar gona, ku taho gida! Ku ɗauko ɗiya, ku taho gida!" Sai ya yi gyaran murya, ya dube ni ya ce: "Garba, ya yi ko in sake?" Muka yi dariya, ba wanda ya tuna a goge wannan ƙarshen, aka sa shi haka nan.

Yaya Mani ya rasu kafin ruwan shuka ya sauka. Ba harsashi ya kashe shi ba, ciwon ciki ne na kwana tara.

Na biyu. Ranar wata Talata, bayan an kwana ana ruwa, gari ya waye garau. Da hantsi muna tsakiyar noman fari, rana tana dukan ƙasa tururi na tashi, sai muryar mutumin da muka binne ta ratso gonaki. Na san na'ura ce, ni na riƙe wayar, amma wallahi sai da na yar da fartanya na waiga ina nemansa. Gari ya watse. Aka bar shanun huɗa da garma a wuyansu suka tattake geron mutane. Wani dattijo ya faɗi a kwazazzabo ya karye a ƙugu, har yau yana kwance. Da muka taru aka tambayi Bawa, ya rantse bai taɓa madannin ba, ko tsuntsu bai gani ba.

Tun daga ranar, sau takwas akwatin nan yana magana shi kaɗai. Kullum da hantsi ne, kullum bayan ruwa. Kuma muryar ta fara canzawa. Tana jan kalma, tana nauyi, kamar mai magana daga cikin rijiya. Wani lokaci ta tsallake shelar gaba ɗaya, sai dai ka ji gyaran murya a sararin sama, sannan a kira sunana. Kaji su yi tsit, masu daka su tsaya da taɓarya a hannu. Matar marigayin tana cikin takaba, ɗakinta kuma yana kallon turken. Ta aiko mini da cewa: "Garba, don Allah ku kashe abin ga. Mutum ya kwanta dama, ku bar shi shi huta. Ba ni iya jin muryatai ina wanke-wanke."

Na uku. Wasu a gari suna cewa aljanu ne, wasu suna cewa Yaya Mani ne bai samu kwanciya ba. An rataya wa turken laya, wasu masu tausayi kuma suka naɗe akwatin da leda wai don kada ruwa ya dake shi, abin ya ƙara lalacewa. Ni dai na sa tsani na hau. Ban buɗe ba, don kun sa kwaɗo kun tafi da makulli. Na kwance ledar, na kara kunne a jikin ƙarfen, na ɗan jijjiga shi. Ranka ya daɗe, ruwa na ji yana motsi a ciki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ga abin da idona ya gani. Wayar eriya ta sama kuka shigar da ita, duk ruwan da ya biyo ta kai tsaye yake zuwa bakin ramin. Mahaɗinta da eriya tsirara yake, ya riga ya yi kore. Sannan yaranku sun bi kowace kafa sun liƙe da gam, har da ɗan ramin ƙasa da maƙerin akwatin ya bari don ruwa ya fita. Sun zaci sun yi gwaninta. Amma akwatin ƙarfe yana numfashi: rana ta gasa shi ya fitar da iska, ruwa ya sanyaya shi ya zuƙo iska mai laima ta inda ido ba ya gani. Laimar nan ta kwanta a ciki, ba ƙofar fita. Da hantsi ya yi sai ta tashi ta yi gumi a kan kayan wutar, kamar yadda murfin tukunya yake yi, ɗigo ɗaya ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Aljanin ke nan.

Kafinta ma da yake rufa kwano ya san a bar wa ruwa hanya. Da na faɗa wa sakatarenka haka, sai ya tambaye ni wace makaranta na yi.

Na huɗu. Mai garinmu ya sa hannu a takardarku da ta ce in wani ya fasa kwaɗon nan, za ku kwashe kayanku. Saboda haka ina da sukudireba a aljihu, na san ciwon, na san maganin, amma an ɗaure mini hannu. Ana cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mu yanzu kunnenmu yana ji, jikin ne ya daina yarda. A karon farko gari duka ya gudo. A karo na biyar na tsaya a bakin masallaci na ƙirga waɗanda suka dawo, ba su cika sahu biyu ba.

Ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne:

1. Ku aiko da injiniya kafin Juma'a mai zuwa, ko ku aiko da makulli da takardar izini.
2. A zubar da ruwan, a shanya kayan, a buɗe ramin ƙasa a sa masa raga don zanzaro da tururuwa.
3. A shigar da wayar eriya ta ƙasa, a bar mata ɗan lanƙwasa mai rataye don ruwa ya ɗiga a waje, a naɗe mahaɗin da roba sosai.
4. A yi wa akwatin ƴar rumfar kwano, a jefa masa irin ƙullin nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.
5. A sauya muryar. A sa ta mai rai, a bar iyalin Mani su yi juyayinsu.
6. Na ji kun kafa irinsa a wasu ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. Ku je ku jijjiga su ku saurara.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda kuwa, jiya ne ya faru. An yi ruwa da asuba. Da hantsi ina gona da matata da ƴata muna shuka wake, muryar ta tashi, cikakkiya, daga farko har ƙarshe. Su biyun suka miƙe suna kallona, suna jiran abin da zan yi. Na ce gumi ne, na ci gaba da sara. Suka sunkuya suka ci gaba da shuka. Ba wanda ya motsa a gonakin da ke kewaye da mu.

Da azahar Bawa ya sauko daga dutse, ya same ni a bakin rijiya. Ya ce: "Garba, mi ya hana ku tahowa? Ni na danna. Babura na gani sun tsallako gulbi, sunka tsaya sunka dubi gari, sannan sunka karkata yamma. Ina bisa ina kallonku kuna noma."

Har yanzu ban faɗa wa matata ba.

Allah Ya kare ka da iyalinka, Ya sa ka gama da duniya lafiya, kada Ya nuna maka ranar da ɗan'uwanka zai kira ka da gaskiya ka ƙi ɗagowa. Hadari yana haɗowa a gabas yayin da nake rubutun nan.

Wassalam.

Garba Mai Rediyo,
daga ƙasar Zurmi.