Bakinsa Yana Motsi, Ba Mu Jin Muryarsa

Zuwa ga mai shagon gyaran ordinatar, wato kwamfuta, na unguwar Zariya, Maradi.

Assalamu alaikum. Alhaji, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ce Hadiza, matar marigayi Isufu mai garkar zogala a Jiratawa. Ina cikin takaba, ba ni da halin zuwa shagonka. Na kira ba a ɗauka ba, shi ya sa na rubuto a fili, ko wani zai isar maka.

Na ɗaya. Ordinatar ɗin maigidana tsohuwa ce, amma lafiyarta lau. Nauyi kawai take yi. Yayansa ya zo daga Tsibiri ya kai maka a duba, kai kuma ka sa mata sabon tsari ba ka tambaye mu ba.

Na biyu. Da ta dawo, sauti ya ɗauke. A cikinta akwai bidiyon da Isufu ya ɗauka a garka, yana ban ruwa yana tsokanar ɗiyarmu Nana. Kullum in ta taso daga lakkol, wato makaranta, sai ta kunna. Yanzu bakinsa yana motsi, ba mu jin komai. Jiya ta tambaye ni ko muryar ma an binne ta.

Na uku. Da aka mayar maka ranar Laraba, ka ce abin da ke fitar da sauti ya tsufa, sabon tsarin bai san shi ba, kuma ba a samu "pilot" ɗinsa ba, wato manhajar da za ta sa shi aiki. Ka ce mafita a goge komai a mayar da tsohon tsari. Alhaji, ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san abin da aka goge ba ya dawowa. Ba mu da muryarsa a wani wuri, wayarsa ta lalace tun yana jinya.

Ina roƙonka don Allah, kada ka goge komai sai ka kwafe bidiyon a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, an kawo mini na ji da kunnena. In sautin ba zai gyaru ba, mayar mana da ita haka nan. Gara mu ga fuskarsa shiru da mu rasa duka. Gaba kuma, ka riƙa duba ko kayan tsohuwar na'ura za su ɗauki sabon tsari kafin ka sa.

Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya raya maka zuri'a. Nana na jira.

Wassalam.
Hadiza, Maradi.