Na goge gidan su maigidana da tsumma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai waɗanda suka san mu a zauren nan. Don Allah ku ba ni shawara, ɓarna na yi da hannuna, kuma zuwa Juma'a abin zai bar gidana gaba ɗaya.

Ni matar aure ce, muna zaune a Doha, unguwar Gharrafa, maigidana yana aikin bincike a wata jami'a. Lokacin korona na je Gusau haihuwa aka rufe hanyar jirgi, shi ya maƙale a nan shi kaɗai. A cikin kullen nan mahaifinsa ya rasu a Ƙaura Namoda. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, a kwatas ɗin bayan tasha ya haifi 'ya'yansa duka. Maigidana bai samu jana'iza ba, a waya aka nuna masa makara ana fita da ita, shi ke nan rabonsa da ubansa. Shi kuma mutum ne mai zurfin ciki, ko a waya ban ji ya yi kuka ba.

Da aka buɗe hanya na dawo da jaririyata, sai na tarar ya cika ƙaramin ɗakinmu da wani faffaɗan katako, a kai ya gina gari guda. Ga layin dogo, ga ɗan jirgi mai tafiya da lantarki, ga tasha, ga tankin ruwa, ga gidaje jere da ba su wuce akwatin ashana biyu ba. Da kwali ya yi bango, ya yanka gwangwanin lemo ya lanƙwasa ya yi kwanon rufi, darbejiya kuma waya ce da soso. Tsakuwar layin ma yashin bakin ruwan Wakra ya ɗebo ya tankaɗe da rariyata. Ya ce min tashar Ƙaura ce. Ni kuwa dariya na yi, na ce ƙato da kai, da digiri har uku, ka zauna kana wasan jirgi? Ya yi murmushi ya ce don Allah dai kar ki taɓa. Ban sake tambayarsa komai a kai ba, wallahi ko sau ɗaya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne dattin abin. Rufin duk tsatsa, bangon ya yi jirwaye kamar ruwa ya zuba, ga jar ƙura a ko'ina, ga wani baƙin tabo a jikin ƙofar gida ɗaya. Nakan leƙa in gan shi da ɗan burushi irin na hoda yana shafawa a hankali, in ce a raina, oh ni, namiji da shara, kullum yana kakkaɓewa abu bai fita ba. Ashe ba kakkaɓewa yake ba, zubawa yake yi.

Da gasar kofin duniya ta zo shigowa ƙasar ta yi sauƙi, sai ya samar wa mahaifiyarsa takarda. Hajiya ba ruwanta da ƙwallo, jikarta za ta gani. Ku mata kun san yadda zuwan suruka yake, balle Hajiya da ke shafa yatsa a bayan ƙofa. Ana gobe za ta sauka, yana wurin aiki, na wanke gidan nan tas, sai na tsaya a bakin ƙaramin ɗakin na ce yau dai ba za a ce min ƙazama a kan wasan yara ba. Na haɗa ruwan sabulu, na ɗauko tsumma da auduga, na bi gida-gida, rufi-rufi. Baƙin tabon ƙofar nan sai da na sa farce. Zan faɗi gaskiya tunda ba ku san ni ba, har daɗi na ji ina gogewa, don na daɗe ina jin haushin awannin da yake yi a ɗakin.

Ya dawo bayan la'asar na ja shi da murnata in nuna masa. Ya tsaya ya duba katakon, sannan ya tambaye ni da me na goge. Na ce ruwan sabulu. Sai ya zauna a ƙasa, a nan ya yi min bayanin da ban taɓa nema ba. Tsatsar nan shi ya yi ta da garin alli da fenti, jirwayen bangon ruwan shayi ne, hayaƙin kicin gawayi ya daka. Jar ƙurar kuma ƙasar tsakar gidansu ce, nan ƙasar ba a samun irinta, ƙanensa ya ɗebo masa a robar man shafawa kafin gidan ya rushe a share wurin, kuma ta ƙare. Baƙin tabon da na kankare hannun Baba ne. Kullum ya taso aiki da baƙin mai a hannu sai ya dafa wurin ya cire takalmi, har wurin ya yi shaida. Ya ce akwai abin da ake fesawa ya riƙe komai, da gangan bai fesa ba, yana jira Hajiya ta gani ta nuna masa inda ya yi kuskure. Shekara biyu yana wannan aikin. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya ce halas, wato shi ke nan, ya wuce. Da ma marina ya yi.

Washegari Hajiya ta iso. Tana zagaya gida ta shiga ɗakin, ta duba ta ce masha Allah, wannan wane gari ne, na Turawa? Ina kallon fuskarsa. Ya ce ba ko'ina ba ne Hajiya, abin wasa ne kawai. Ta juyo ta sa min albarka, wai ko ƙura babu a gidan. Na shiga banɗaki na toshe bakina da tawul na yi kuka.

Kwana biyu kafin ta koma na kasa riƙewa, muna kicin na faɗa mata komai. Ta ajiye wuƙa, ta koma ɗakin ita kaɗai ta daɗe, ta fito idonta jawur. Ta tambaye ni ta wane gefe tabon yake, na ce dama. Ta girgiza kai ta ce a hagu yake, Malam da hagu yake dafawa, yaron nan ya manta. Ta ce kar in faɗa masa ta sani, zai ji kunyar abin da ya ce mata. Bayan ta koma ta sa aka ɗebo ƙasa a filin da gidan yake, ta aiko min a ƙullin leda ta hannun wata mata mai zuwa Doha. Tana cikin akwatina yanzu haka.

Wata huɗu ke nan bai shiga ɗakin ba. Yana cin abincina, yana ɗaukar 'yarsa, ba abin da ya rage min, amma mutumin da na sani ba ya nan, in na ba shi haƙuri sai ya ce ai ya wuce. Ni kuma in ya fita aiki ina koyo a kan kwali, na ɓata ya fi ashirin, yanzu tsatsata ta fara kama da tsatsa. Jiya muna cin abinci ya ce wani abokin aikinsa zai zo ranar Juma'a ya kwashe katakon ya kai wa yaransa. Gidan ubansa fa, yara za su yi wasa da shi.

'Yan uwa ya zan yi? In shiga in gyara kafin Juma'a, alhali taɓawa ba izini ita ta jawo min wannan, kuma ban san gidan ba sai a bakinsa? Ko in ajiye masa ƙullin ƙasar a gabansa in ce Hajiya ta ce hagu ne, in karya alƙawarin da na yi mata, ya san uwarsa ta gane ya ɓoye mata? Ko in yi shiru in riƙe musu ƙofa su fita da shi? Maza ma don Allah ku sa baki, kun fi ni sanin zuciyarku. Ni dai na san gefen da Baba yake dafawa, ɗansa bai sani ba, kuma kwana uku suka rage min.