Inuwa da Gaiwar Baba

Haɗeja, Nuwamba 1956

Zuwa ga Baffa Umara a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, kuma kasuwar goro tana tafiya yadda ake so. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya cika fadama bana fiye da bara, shinkafa ta yi kyau. Larai matata ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Binta. Ƙafar Iya ma da sauƙi.

Dalilin takardar, labarin ƙanena Inuwa ne, wanda ke kwaleji a Zariya. Da damina ya zo hutu, jarrabawar ilimin halittu, wadda suke kira bayoloji, tana jiransa. In ya ci, za a tura shi Badun, wato Ibadan, karatun likita. In ya faɗi kuwa, Baba ya riga ya yanke magana: ya dawo ya ɗauki gora da koma mu shiga ruwa tare, tunda boko ta ƙi shi. Ka san wanka, ba ya magana biyu.

Washegarin zuwansa Iya ta same shi a bayan rumbu, ya feɗe kwaɗo a kan katako yana zana hanjinsa. Ta rafka salati, ta ruga gun Baba tana cewa Nasara sun mayar mata da ɗa boka. Da ƙyar muka lallashe ta. Ta ce kada kwaɗo ya sake shigo mata gida, amma kifi ta yarda, don in ya gama kallonsa sai ta jefa a tukunya. Haka muka yi ta shan miyar tarwaɗa da karfasa, har Larai tana cewa Allah ya sa jarrabawar nan kowace shekara ce.

Baba dai yana gefe, ko kallo bai ishe shi ba, sai ran da ya kamo gaiwa. Inuwa ya buɗe ta, ya roƙe shi ya matso, ya nuna masa huhunta, ya ce da shi take numfashi in ta kwanta cikin laka har rani ya wuce. Baba ya daɗe a tsugune, sannan ya ce lallai ikon Allah ya fi gaban mamaki. Daga ranar shi da kansa yake zaɓo kifi, ya zaunar da Inuwa a gindin tsamiya, ya sa shi ya faɗi sunan kowace gaɓa da aikinta. Wai shi bai san Turanci ba, amma ya san muryar mai kame-kame, in ya ji ta sai a sake daga farko. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin hutu ya ƙare, yaron nan ko in-ina ba ya yi.

Ana gobe zai koma, ruwa ya yanke hanyar Malam Madori, inda tashar jirgin ƙasa take, direbobi suka ƙi fita. Inuwa ya zauna jugum, don in jirgin ƙasa ya wuce, jarrabawa ta wuce. Sai Baba ya zuba littattafan cikin babbar ƙwarya ya rufe da fata, ya ɗauko kwalekwale. Ni da Baba muka tuƙa Inuwa ta cikin gonakin da suka nutse, sauran hanyar muka taka da ƙafa, laka har gwiwa. Muna isa tasha jirgi yana shigowa.

To, Baffa, jiya wayar tangarahu ta iso: Inuwa ya ci! Iya ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Baba kuwa, mutumin da bai taɓa wuce Nguru ba, ya ce shi zai raka ɗansa Badun da ƙafarsa. Ya kuma ce in tambaye ka ko daga Badun zuwa Kumasi da nisa, domin ya yi kewar ƙaninsa, yana so ya gan ka tun idonsa na gani. Ka gyara masa shimfiɗa.

Iya da Larai suna gaishe ka. A gaida Gwaggo 'Yar'azumi, da Hamman, da Huseina da yaranta. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ɗanka,
Baƙo