Jimlarki Ta Uku

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randa ga mai ƙishi. Zuwa ga Mai Jan Biro, wadda ke soke mini kuskure raina kuma ya yi fari!

Ina gaishe ki, ya jikin Mama? Ni kam kada ki tambayi lafiyata. Tun ranar Asabar kaina ya ɗaure tamau. Jiya a shago na kwance fankar wani bawan Allah, na mayar, sai ga noti huɗu sun rage a hannuna, ban san mazauninsu ba.

Kin tuna ranar da Malamar ajinmu na koyon Turanci ta rubuta go, went, gone a allo? Ta ce wannan aikatau ne mai taurin kai, ba ya bin layin 'yan'uwansa. Go na tafiyar yau da kullum ne, went na tafiyar da aka riga aka yi, gone kuwa sai da has ko have a gabansa, na wanda ya tafi bai dawo ba. Kika waiwayo bencin baya kina murmushi, wai ga ɗan'uwana a taurin kai. Wallahi ranar babu wuta, kowa na fifita da littafi, ni kaɗai nake shan iska!

To, sai ga aikin gidan nan. Malama ta ce kowa ya rubuta jimla uku da go, went da gone, kuma ba dole su zama gaskiya ba, misali ne kawai. Ranar Asabar aka yi musayar littattafai don a duba wa juna kamar kullum, naki ya zo hannuna, nawa ya je naki.

A ta farko kin ce kina zuwa kantin magani kowace safiya. Gaskiya ne, ta ƙofar shagona kike wucewa, da ke nake saita agogo. A ta biyu kin ce kin je asibiti da Mama ranar Talata. Gaskiya ne, ni na tsayar muku da tasi. A ta uku kin ce akwatinki ya riga ya tafi garin da Yayanki yake, ke ma za ki bi shi ƙarshen wata.

Ni kuma dolo, has kawai nake farauta. Da na gan shi zaune daram a gaban gone sai murna ta kama ni, na ba ki goma bisa goma, har na rubuta "madalla" da manyan baƙaƙe. Sai da na sauko daga benen makaranta, ina kwance sarƙar kekena, ma'anar ta iso kaina. Wayyo ni!

Farin watana, misali ne ko sallama? In ƙirƙira ce, me ya sa kika jero gaskiya biyu a gabanta? In gaskiya ce, don me za ki faɗa mini a littafin aikin gida, da yaren da nake ɗingishi a cikinsa? Ko dama tambayata kike, kina jiran in ce kada ki tafi, ni kuwa na amsa da madalla? Shi ya sa kika karɓi littafinki ba ki ko kalle ni ba? Na juya maganar nan har ta gaji da ni, na kasa gane gabanta balle bayanta.

Nawa ukun ma ai kin gani. Zuwa shago a jirgin sama ƙarya ce, raƙumina da ya tafi hutu ƙarya ce. Ta tsakiya, cewa na je wurin kawuna da wata magana, gaskiya ce, kuma ke ce maganar. Na rubuta goed, kika zagaye shi da jan biro, kika ce in kula. Kin ga ke nan kowa ya duba ɗan'uwansa, babu wanda ya karanta.

Don Allah, gobe in za ki wuce, ki tsaya ko minti ɗaya ne. In akwatin ya tafi da gaske, faɗa mini tashar da zan je in dawo da shi. In kuma tafiyar ba makawa, zan jira, ko da zan tsufa a bencin baya.

Jimlarki ba ta da kuskure ko ɗaya, makinki na nan. Madallar ce na janye. Tun da na san ki ban taɓa roƙon Allah ya sa kin yi ƙarya ba sai yau.

Naki da ba ya zuwa ko'ina,
Sarkin Kuskure na bencin baya