Auren da Ka Ɗaura Don a Ba Ka Biza

Zuwa ga hasken idona, sanyin da ke biyo bayan ruwan farko, ƙamshin da ke tsayawa a mayafi bayan mai turaren ya wuce. Zuwa ga wanda zuciyata ta kira maigida tun kafin liman ya shafa fatiha. Sallama da gaisuwa mai yawa daga Gwammaja, daga ɗakin Inna, nan inda ka bar ni.

Ka sani, tun ranar da aka ɗaura mana aure bakina bai ƙara furta sunanka ba. "Shi" nake cewa, ko "Yayan Binta", ƙawayena suna yi mini dariya, wai 'yar zamani da kunyar mutanen da. To yau kunyar ta ƙare, zan rubuta shi ɓaro-ɓaro: Mikail. Haba Mikail! Ashe haka za ka yi mini?

Ka tuna yammacin da ka zo zance da kwali da fensir? Bayan la'asar ne, a soron gidanmu. Ka shimfiɗa kwalin a ƙasa ka ce in ɗora ƙafata. Kai ɗan dukawan Jakara da ya yi boko har ya ƙure, ka durƙusa kana zana ƙafar Hajo! Ba ka bari yatsanka ya taɓa ni ba, amma wallahi har cikin ƙirjina na ji tafiyar fensirin nan. Ka ce da jar fata za ka ɗinka mini takalmi, in taka shi ranar da za a kai ni ɗakinka. Ka ce shekara ɗaya kawai za ka yi a masana'antar takalma a ƙasar waje, horon sanin makamar aiki, ka dawo ka buɗe taka a nan Kano. Na yarda. Wace mace ce za ta ga namiji a durƙushe gabanta ta ƙi yarda?

Da ka je Abuja neman biza aka hana ka, ka dawo kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Wai baturiyar da ke bayan gilashi ta ce ba ta ga abin da zai dawo da kai gida ba. Ni na yi ta lallashinka. Ba a jima ba sai ga magabatanka a wurin Baba, wai a ɗaura aure yanzu, tarewa sai ka dawo. Baba ya ce yarinya da igiyar aure a gida, miji a bayan teku, ba tsari ba ne. Ni ce na yi ta kuka har Inna ta shawo kansa. Ni, da idona da bakina!

Ranar ɗaurin auren kuwa ka nace sai an yi hotuna, kuma sai na buɗe fuska na yi dariya. Gwaggona tana ta faɗa, wai ina aka taɓa ganin amarya tana washe baki kamar gonar auduga? Na saɓa mata don na faranta maka. Na ɗauka so kake ka tafi da fuskata, ka riƙa dubawa idan sanyin can ya dame ka. Ka koma Abuja, aka ba ka biza, na yi azumin godiya.

Tun daga nan na zama jemage, ba na cikin tsuntsu ba na cikin dabba. 'Yan mata sun daina kirana, matan aure kuma sai su yi shiru da hirarsu idan na shigo. Kayan ɗakina suna jibge a ɗakin Inna, ko ledarsu ba a cire ba. Ko nan da Ƙofar Dawanau ba na zuwa sai na tura maka saƙon neman izini, domin haka aka koya mini. Da, kira kake yi ka ce a dawo lafiya. Yanzu hoton ɗan yatsa a ɗage kake turo mini a waya, alamar "to". Shekara ta cika aka ƙara maka wata shida, su ma suka wuce, yanzu wai makaranta kake nema a canza maka biza. Duk na haɗiye.

Da izinin ɗan yatsan nan na je suna gidanku ranar Asabar. Ina tsugune bayan ƙyaure ina zuba waina a kwanuka, wata baƙuwa tana kukan an hana ɗanta biza. Sai na ji ƙanwarka Binta, ba ta san ina nan ba, tana cewa, "Ai Hajiya abin da sauƙi. Ku yi masa dabarar da Nata'ala ya ba Yaya Mikail. A ɗaura masa aure ya tafi da hotunan, mai mata ba ya shan wahala a wurinsu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nata'ala, abokinka da ya yi mana rabon goro! Wainar da ke hannuna ban san sanda ta faɗi ba. Ashe dariyar da na yi a hoton nan ba taka ba ce, ta baturiya ce? Ashe ni ce abin da zai dawo da kai gida, wanda aka ce ba a gani ba, ka zo ka nemo ka kai musu? To ta gani ta yarda, ta fi ni wayo kuwa, domin ita hatimi kawai ta buga maka. Ni rayuwata na miƙa.

Na ji haushinka, Mikail, haushin da ban taɓa ji game da wani ɗan Adam ba. Abin takaicin, na dawo gida na buɗe akwati don in jefar da takalman nan da ka ɗinka mini kafin ka tafi, sai na tsinci kaina ina shafa musu man kaɗanya kada fatar ta tsage. Ka ga irin wautar da so ya mayar da ni!

Maganar ta kai kunnen Baba. Ya ce da an sauko daga babbar sallah zai taka da ƙafarsa zuwa Jakara, ya sami kawunka da ya karɓa maka aurena, ya ce a sawwaƙe wa 'yarsa. Ka san Baba ba ya magana biyu, kuma wannan karon ba ni da sauran hawayen da zan tare shi da su.

Don girman Allah, ya sanyin idona, ka riga shi. Ba na son tsaraba, ba na son masana'anta. Ka dawo ko da rumfa ce a bakin Kurmi, zan zauna da kai. Ka kira ni da muryarka ka ce mini Binta ƙarya ta yi, ko ka ce gaskiya ne amma daga baya zuciyarka ta bi abin da bakinka ya faɗa. Kada dai ka turo mini ɗan yatsa.

Takalman suna nan, ba su taɓa taka ƙasa ba, kuma ba za su taka ta a kan hanyar gidan wani ba. Daga wannan layin na mayar da sunanka inda yake, ba zan ƙara faɗarsa ba, domin har yanzu mijina ne kai. Auren da ka ɗaura don baturiya ta gani, ni don Allah na karɓe shi, kuma a haka zan riƙe shi har ranar da ka sake shi da hannunka.

Matarka da ba ta tare ba,
Hajo