Rukunin Jinin Wani

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Mama? Ina fatan kumburin ƙafar ya saɓe, ke ma kina ɗan runtsawa.

Yaya, akwai abin da ya tsaya min a rai, kuma ya shafi mijinki. Kin san manhajar da muke rubutawa a kamfaninsa, mai tattara bayanai ta mayar da su dogon layin rubutu guda don a adana. Shi ya ƙirƙiro salon rubutun, duk alamomi ne, mu biyu kaɗai ke iya karantawa. Kamar jera faranti take aiki: kowane bayani a ɗora shi kan na baya, in an zo kwashewa a fara da na sama. Jiya na gano cewa idan mutum ba shi da lambar waya, ba ta ɗora komai a gurbin. Sai jerin ya goce, ta ɗauko rukunin jinin wani ta manna wa wani. Ga shi ma'ajiyar jinin wani asibiti ta fara aiki da ita.

Na nuna masa a kwamfuta. Ya ce gwajina ne gurgu, ya shige ofis ya ja ƙofa. Kin san yadda yake ji da salon rubutun nan, ko ɗan fari albarka.

Shi ya koya min aikin nan, a gidanku nake kwana. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na sake tunkararsa da safe, ya ce in bari sai mun natsu mu duba, kada in tayar da hankalin asibiti a banza. Na koma kujerata na zura wa alamomin ido. Daga baya na fita bakin matakala na kira likitar ma'ajiyar. Na ce mata kada su ƙara wa kowa jini sai sun sake gwada shi.

Da yamma ta kira. Sun sami wata mai jego da aka rubuta mata rukunin da ba nata ba. An riga an ɗauko ledar jinin, Yaya, saura a rataya. Allah Ya tsare.

Asibitin ya dakatar da aikinmu. Mijinki bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Yana zaune gaban kwamfuta tun lokacin, bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Na kwashe kayana na koma wajen wani abokina.

Idan ya kira ki, kada ki ba shi haƙuri a madadina. Amma ki tambaye shi ko ya ci abinci.

Ƙaninki har kullum,
Auta